Tsakanin Huhun Goro da Jan Biro

Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka bai wa gurbin karatu a wannan jami'a, a ƙarshen shekarar 2019, na tarar da mahaifina a rumfarsa da ke Sabon Shagamu yana zaɓen goro. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, an ba ni jami'a." Bai ɗago kai ba ya ce, "Madalla. Lauyan ne?" Na ce, "A'a, Turanci aka ba ni." Ya ɗauki wani goro ya jujjuya shi, ya jefa cikin kwandon da ke hagunsa, sa'an nan ya ce, "Wanda ka yi shekara goma sha biyu kana koya bai ishe ka ba ke nan?" Mutanen rumfa suka bushe da dariya, ni ma na taya su, amma fa a raina ba ni da amsar da zan ba shi. Wannan tambaya ita ce ta raka ni har ƙofar Sashen Turanci, kuma ita ce dalilin wannan ɗan rubutu.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ni ne ɗan fari a gidanmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Kira mini yaron nan." In muna zaune mu biyu, magana ba ta wuce ta ciniki da salla. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan kunya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ni ma na santa, amma ban taɓa ɗaukarta abin da ya cancanci a yi tunani a kansa ba, balle a rubuta.

Gaskiyar magana, ba ni na zaɓi Turanci ba. Makina ne bai kai na karatun lauya ba, aka tura ni inda ke da sauran wuri. Duk da haka na shiga da ƙarfin gwiwa, domin a sakandare ni ake turawa gasar muhawara, kuma na karance 'yan littattafan da ke ɗakin karatun makarantarmu. Ban yi wata guda ba na gane cewa kallon kitse nake yi wa rogo. Rabin karatun ashe na harshe ne: furuci da ginin jimla da tarihin yadda Turanci ya sauya kama. Ɗaya rabin kuwa adabi ne, aka faro mana shi tun daga Chaucer, wanda ya rasu a shekarar 1400, mai wani irin Turanci da ko Baturen yau sai da ƙamus yake gane shi. Sai waƙa, wadda ta fi komai wahalar da ni. Karin waƙar Turanci a kan ƙarfin furuci yake tafiya, wata gaɓa a danna ta, wata a sassauta mata, alhali kunnena ya saba da harshen da ke auna tsawo da gajartar wasali da hawa da saukar murya. Sai a ce mu ƙirga dannawa biyar a ɗango guda, ni kuwa in ƙirgo shida, wani lokaci huɗu. Na yi ta hadda kamar mai tilawa, ina cin jarrabawa da ƙyar, ba tare da na ji daɗin ko baiti ɗaya ba.

Akwai wata malama, dattijuwa, wadda ba ta yarda da hadda. Takan shigo aji da waƙa guda a kan falle ɗaya, babu sunan mawaƙi, babu shekara, ta ce mu gaya mata abin da ke kan takardar. Daga baya na ji cewa wani malamin Jami'ar Kambirij, I. A. Richards, shi ya yi irin wannan gwaji da ɗalibansa, har ya wallafa sakamakonsa a 1929. Mu kuwa mun saba da amsa guda, wato jigon waƙa soyayya ne, ko mutuwa, ko mulkin mallaka. Da zarar ka faɗi haka sai ta ce, "A wace kalma ka gani? Ɗora yatsanka a kai." In ka ɗora, ta tambaye ka dalilin da ya sa mawaƙin ya ɗauki wannan kalma ya bar 'yar'uwarta mai kusan ma'ana ɗaya da ita. Mukan kwashe sa'a guda a kan ɗango biyu. A lokacin mun ɗauke ta mai tsanani, muna kiranta Mai Jan Biro a bayan idonta.

A shekarar 2021 ita ce ta ɗauke mu darasin ƙagaggen rubutu, ta ce kowa ya kawo gajeren labari a kan rabuwa. Na zauna dare uku na rubuta labarin wani saurayi da mahaifinsa ya rako shi tashar mota zai tafi jami'a. A labarin, saurayin ya dubi uban cikin ido ya gaya masa yana son sa, uban ya rungume shi yana hawaye, ya ce yana alfahari da shi. Na zuba manyan kalmomi iyakar iyawata, na miƙa ina jiran yabo. Takardar ta dawo babu gyaran nahawu ko ɗaya, sai tambaya guda da jan biro a ƙasan shafi na ƙarshe: "Mahaifin wa ne wannan?"

Na same ta a ofis raina a ɓace. Ta ce in zauna, ta tambaye ni yadda nawa mahaifin ya sallame ni ranar da zan taho. Na ce ai bai ma zo tasha ba. Ƙanena ya aiko da kuɗi a ƙulle cikin leda, da marsa guda biyu a naɗe cikin ganye, da saƙon cewa a gaya wa yaron nan ya kula da salla. Ta ce, "To me ya hana ka rubuta wannan?" Na ce babu komai a cikinsa, ko magana ba a yi ba. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce uban da ke cikin labarina a fim na aro shi, kuma ta riga ta gamu da shi a takardu fiye da ashirin a wannan makon, amma wanda ya aiko da goro ba ta taɓa gamuwa da shi ba. Ta mayar mini da takardar ba ta ba ni maki ba.

Maimakon in karɓi gyara sai na nemi mafaka. A daidai lokacin ana koya mana tsohuwar muhawarar nan ta harshen da ya dace marubucin Afirka ya yi rubutu da shi, tun daga taron Makerere na 1962, da maƙalar Obi Wali ta 1963 wadda ta ce adabin Afirka cikin harsunan Turai ba shi da inda za shi, zuwa ga Ngugi wa Thiong'o na Kenya wanda ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da Gikuyu. Na rungumi wannan ra'ayi hannu bibbiyu, ba don na fahimce shi ba, sai don ya wanke ni. Na riƙa gaya wa abokaina cewa laifin Turanci ne, ba shi da wurin da zai ajiye kunya da kawaici. Don in tabbatar da maganata na ɗauki biro zan sake rubuta labarin da Hausa.

A nan ne idona ya raina fata. A Shagamu aka haife ni, Hausa nake yi a gida, Yarabanci a kasuwa, Turanci a makaranta, kuma ban taɓa zama ajin Hausa ko na rana ɗaya ba. Ban san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba, ban san lokacin da ake sa wa harafi ƙugiya ba. Abin da ya fi wannan muni, jimlolina duk na Turanci ne aka sa musu babbar riga. Uban da ke cikin labarin kuwa yana nan yadda yake, yana rungumar ɗansa yana kuka, sai dai yanzu da Hausa yake yi, abin ya ƙara zama abin dariya. Na yayyaga takardar ban nuna wa kowa ba. Ranar na kwana da sanin cewa harsuna uku nake ji, amma babu ɗaya da na iya faɗar gaskiyar gidanmu da shi.

Ana cikin haka malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a watan Fabrairun 2022, aka rufe makarantu har wata takwas. Na koma gida, na koma rumfa. Aikina shi ne kwance huhu, da sauya ganyen da ya bushe, da yayyafa ruwa, da ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya. Zaɓe kuwa aikin Baba ne shi kaɗai. Yakan ɗauki kowane goro ya duba cikinsa da bayansa, ya shafa shi da babban yatsa, domin sankara ba ta nuna kanta ga mai gaggawa, kuma guda ɗaya in ya kwana cikin huhu sai ya ja wa sauran. In ciniki ya lafa sai in jawo littafin da aka ce za mu karanta in an koma, wato King Lear, wasan kwaikwayon da Shekisfiya ya rubuta wajen shekarar 1606.

Wata rana da la'asar aminin Baba, wani dattijo da muke kira Alhaji, ya ce, "Kai ɗan boko, wai me ke cikin littafin nan da ya hana ka hira?" Na ce labarin wani sarki ne. Ya ce to a ba su su sha. Na fara, ina tuntuɓe ina neman kalma. Na ce wani tsohon sarki ne, Liya, ya yi niyyar raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku, ya tara fada ya ce kowacce ta faɗi irin son da take yi masa, wadda ta fi iya faɗa ta fi samun rabo. Manyan biyu suka zuba zaƙin baki. Autar, Kodeliya, ta ce ba ta da abin faɗa, da aka matsa mata ta ce tana son sa gwargwadon haƙƙin da ke tsakanin 'ya da uba. Sarki ya fusata ya kore ta, ya raba rabonta ga yayyenta.

Rumfa ta kaure da gardama. Wani ya ce yarinyar girman kai gare ta, me zai rage ta in ta faranta wa tsoho rai? Alhaji ya ce ai ƙuruciya ce. Baba bai ce uffan ba sai da kowa ya gama, sa'an nan ya yi magana idonsa na kan goro: "Sarkin ne ya yi wauta. Ana yi wa ɗa irin wannan tambaya, a gaban mutane? Ai tsiraici ya nema mata. Wadda ta kasa faɗa ɗin nan ita ce 'yar halas." Jikina ya yi sanyi. Na karanta sharhin masana a kan wannan fage, amma ban taɓa jin wanda ya kama shi ta nan ba, kuma mai maganar mutum ne da bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Na kuma lura da cewa shi ne karo na farko da na ji mahaifina ya yi magana a kan abin da ke tsakanin uba da ɗa, ko da yake ta bayan wani sarkin Ingila ya bi.

Daga ranar hira ta samu. Kullum bayan la'asar sai a ce, "Ina muka kwana?" Dole ta sa na riƙa yin shiri da dare, ina auna kowace jimla, ina tambayar kaina yadda dattijon Bahaushe zai faɗe ta. Na ba su labarin yadda manyan 'ya'yan suka juya wa uban baya, suka rage masa barori, har ya fita daji cikin hadari hankalinsa ya gushe, da yadda autar ta dawo da runduna daga Faransa don ta cece shi. Da muka kai ƙarshe, inda aka kashe Kodeliya, tsohon ya fito ɗauke da gawarta shi ma ya cika a wurin, sai Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Haba! Wannan marubuci ba shi da tausayi. Ai kamata ya yi a gyara." Na ce masa an taɓa gyarawa, domin a 1681 wani mai suna Nahum Tate ya sake ƙarshen wasan, ya bar yarinyar da rai har ya yi mata aure, kuma nasa aka yi ta nunawa a Ingila kimanin shekara ɗari da hamsin kafin a koma ga na asali. Alhaji ya ce madalla da wannan bawan Allah. Baba ya ɗaure bakin huhu ya ce, "Mai gyaran nan bai taɓa kai ɗansa makwanci ba." Kowa ya yi tsit. Ƙannena biyu ne suka rasu suna ƙanana, shi ya ɗauke su da hannunsa zuwa maƙabarta, kuma ban taɓa jin ya ambace su ba.

A wannan hutu na dole na sake komawa kan labarin tasha. A rumfa nake rubutu, ina yi ina sokewa, har wata rana Baba ya ce wa ƙanena, "Tambayi yaron nan, me takarda ta yi masa yake ɓata ta haka?" Na ce wa ƙanen nawa ya gaya masa kalmomin da ba su da amfani nake fitarwa, don kada su lalata sauran. Bai ce komai ba.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba na kai wa malamata fassarar Baba game da Kodeliya ina ta zumuɗi. Ta saurara da kyau, ta ce fassara ce mai ƙarfi, amma in yi hattara, domin Shekisfiya bai san kunyar Bahaushe ba, kuma a cikin wasan yarinyar da bakinta ta nuna cewa zaƙin bakin yayyenta ne ya ƙona mata rai. Ta ce ina da damar in shigo da idon gidanmu cikin karatu, da sharaɗin kada in ɗora wa littafi abin da bai faɗa ba. Ta tuna mini da Chinua Achebe, wanda ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 don karatun likita ya sauya zuwa Turanci da tarihi da addini, da yadda karanta Mister Johnson na Joyce Cary, labarin da aka gina a Arewacin Nijeriya, ya kasance cikin abubuwan da suka zaburar da shi ya rubuta nasa, wanda ya fito a 1958. Ta ce ya iya ganin abin da ya karkace a littafin Bature ne saboda ya karanta shi da kyau, kuma ya san mutanensa da kyau, kuma ɗaya ba ya isa sai da ɗaya. Na miƙa mata sabon labarin, mai ƙullin leda da goro biyu. Wannan karo jan biro ya cika shafi, amma duk gyaran kalma ne.

A wannan zango ne na tako ƙafata zuwa ɓangaren Hausa, na roƙi a bar ni in riƙa zama a aji. Nan na koyi ƙa'idojin rubutu kamar ɗan firamare. Nan aka nuna mini cewa rubutacciyar waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi take tafiya, bisa ma'aunan arulin Larabci, sai na gane dalilin da ya sa kunnena ya yi ta gardama da waƙar Turanci, kuma daga nan na fara jin daɗin duka biyun. Nan na fara karanta Abubakar Imam, wanda Ruwan Bagaja nasa ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Na ga yadda a Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Gabas da Turai ya mayar da su 'yan gida, har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunci. Da idon da Sashen Turanci ya wasa mini na ga gwanintarsa, na riƙa ɗora yatsa a kan kalma ina tambayar dalilin da ya sa ya zaɓe ta. Har yau ban yanke hukunci tsakanin Achebe da Ngugi ba, ina rubutu da harsunan biyu, kowanne kuma yana kama ni in na yi ƙarya da ɗayan.

Baba ya kwanta ciwo da damina a 2023, ya rasu kafin in kammala. Ina gefensa a kwanakin ƙarshe, ina ba shi ruwa ina gyara masa matashi, ban gaya masa komai ba, shi ma bai gaya mini ba. Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, Alhaji ya jawo ni gefe ya ce, "Ɗana, akwai maganar da zan ba ka, don na san shi ba zai taɓa faɗa maka ba. Kwanaki wani baƙo daga Kano ya tambaye shi abin da babban ɗansa ke karantawa. Ya ce masa, 'Zaɓe yake koyo irin namu, sai dai nasa na magana ne.'" Na juya fuskata ga bango. Shekara huɗu ina neman amsar tambayar da ya yi mini a rumfa, ashe shi ya riga ni samunta, ya bar mini ita a hannun amininsa.

Ga ƙannena Hausawa da aka tura Sashen Turanci, ko suka je da ƙafarsu, ba zan ruɗe ku da cewa wannan digiri na buɗe ƙofar aiki da sauri ba. Da yawanmu aji muke komawa da alli, wasu gidan jarida, wasu kasuwa. Za a yi ta tambayarku amfanin karatunku, a gida da waje, kuma wani lokaci ba za ku sami ta cewa ba. Shawarata ita ce ku karanta abin da aka ba ku a tsanake, ko da na mutanen da suka mutu shekara ɗari huɗu ne a wata ƙasa mai sanyi. In an yi hutu ku gwada ba da labarinsa ga tsofaffin gidanku da harshensu, ku kasa kunne ga abin da za su ce. Ku kuma riƙa leƙowa ɓangaren Hausa, ƙofarsa ba ta da nisa da taku. Rumfar Baba yanzu tana hannun ƙanena, in na je gida nakan zauna in taya shi zaɓe, ko da yake har yanzu sankara takan wuce ni shi ya gano ta. Allah ya jiƙan mahaifina, ya kyautata makwancinsa, ya saka wa malamanmu da alheri, amin.